Zurfin da Muka Cike

A San Rafael, bayan gidanmu,
daidai inda inuwar inabi ta tsaya,
akwai kwamin iyo da babana ya haƙa
shekarar da aka haife ni,
shi da shebur da surukinsa Anselmo,
wata uku, kullum bayan an tashi daga aiki.

Shekara bakwai ke nan babu ruwa a ciki
sai abin da sama ta ga dama:
baƙin ruwa a ƙurya, gansakuka,
kwaɗi masu gardama da dare,
da kujerar roba da iska ta jefa,
ba wanda ya sauka ya ɗauko.

Eusebio magini ya zo ran Litinin.
Ko gaisuwar kirki bai yi ba, ya sauka da guduma,
yana ƙwanƙwasa bango kamar mai sayen kankana:
nan lafiya, nan lafiya,
nan kuwa, saurara, fanko ne.
Duk inda ya ji fanko sai ya zagaye da alli.
Kafin azahar allin ya ƙare.

Babbar tsagar ta taso daga matakala,
ta ratsa ƙasa, ta hau ɗaya bangon.
Girgizar ƙasa ta fara ta, in ji shi,
saiwar ɓaure ta ƙarasa.
Rodi ya yi tsatsa a ciki, ya kumbura,
yana ture kankare a hankali.
Tsatsa ba ta gaggawa, Ofelia,
ta san ba inda za ki kai shi.

Muka kankare fenti.
Shuɗi, ƙarƙashinsa wani shuɗin,
sai kore na shekarar da babu kuɗi,
ragowar na ƙofar gareji,
sai farin farko.
Can ƙasa, inda zurfin ya kai mita uku,
ga tafin hannu a jikin siminti,
ƙarami, yatsu a buɗe,
an karce suna da ƙusa: Ramiro.
Yayana ne, yana Bilbao, ya yi sanƙo,
yakan kira sau biyu a shekara.
Na ɗauki hoto na tura masa.
Da dare ya amsa: hannun wa?

Likita ce ta jawo aikin nan.
Tun da ɓarin jikin baba ya shanye
ta ce a sa shi tafiya cikin ruwa,
ruwa iya ƙirji, ban da ƙari.
Wato zurfin da ya yi wata uku yana haƙa,
yana alfahari da shi gaban maƙwabta,
mu za mu cike shi.

Eusebio ya ce zai iya yanko hannun
in rataye a falo.
Na tambayi baba a kan kekensa.
Ya daɗe yana tattaro kalma da rabin baki.
Bar shi, ya ce. Yana riƙe da ƙasan.

Baro arba'in da biyu na tsakuwa.
Na ƙirga, don ni na tura tara.
Sabon rodi, sabon kankare, yaɓe mai santsi,
matakala mai faɗi, ƙarfen dafawa,
famfo mai ƙara kamar kyanwa na barci.
Kwana goma muna yayyafa masa ruwa safe da yamma
kada rana ta fasa shi tun yana ɗanye.

Ruwan ya yi kwana biyu yana hawa,
narkakkiyar ƙanƙarar duwatsun Andes,
mai sanyi har cikin haƙori, ko da zafin Disamba.

Mu biyu muka saukar da shi.
A mataki na uku ruwa ya karɓi nauyinsa,
hannuna ya zama ba shi da aiki.
Ƙafar da ta yi shekara tana jan ƙasa
ta ɗaga, ta yi gaba, ta sauka.
Ya tafi har ƙarshe, har inda dā yake hana mu zuwa,
ya tsaya,
ya buga diddige sau biyu a sabon daɓen,
ya karkata kai yana saurare.

Kwaɗin sun koma magudanar maƙwabta.
Kujerar roba kuwa na wanke ta,
tawul ɗinsa ke kai.